Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi Mai Zurfi daga Kwamitin Ɗakin Binciken Tsutsotsi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishina, ranka ya daɗe, barka da zuwa, sannu da hanya. Hidimarka ga ilimi ba sai mun faɗa ba, kowa a zauren nan shaida ne. Tun da gani ya kori ji, bari mu fara da abin da ya fi damunmu: muna roƙon a sanya wa ɗakin bincikenmu sola da batura, wutar da ba za ta ɗauke ba dare da rana. Sauran jawabin nan bayanin dalili ne.

Yaƙi da tsutsa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun 1924 ake binciken cututtukan dabbobi a Vom, jihar Filato. Kurkunu, wanda shi ma dangin tsutsotsin da muke bincike a kansu ne, masu siffar zare, ya kama mutum sama da 650,000 a Najeriya a ƙidayar ƙarshen shekarun 1980, amma a 2013 aka tabbatar mun rabu da shi. Ma'aikatanmu ne suka taka ƙauye ƙauye. Abin takaici, da an zo kan karanta ƙwayoyin gado sai a kwashi samfurinmu a kai waje, mu koma 'yan kallo.

Aikinmu a kan makarɓan saƙo ne, wato furotin da ke zaune a bangon tantani (ɗan mitsitsin tubalin da ake gina jikin halitta da shi) yana karɓar umarni daga maƙwabcinsa ko daga jijiya. Wani lokaci, wajen kwafar gado, ƙwaya ɗaya takan fito sau biyu. Galibi kwafi na biyun lalacewa yake yi. Idan ya tsira, sai su raba aiki, kamar magada biyu a gida ɗaya, wannan ya riƙe gona, wancan ya riƙe kiwo.

Misalin da aka fi sani yana jikin C. elegans, tsutsa mai tsawon milimita 1 da Sydney Brenner ya shigo da ita fagen bincike, aka kammala karanta gadonta a 1998. Tana da makarɓa guda biyu na wani rukuni da ake kira Notch, lin-12 da glp-1, kuma asalinsu ɗaya. Glp-1 ne ke sa tantanin da ƙwai da maniyyi za su fito daga cikinsu su ci gaba da rarrabuwa. In babu shi, tsutsar juya ce. Lin-12 kuwa shi ke yanke wa tantani biyu masu kama da juna hukuncin wanda zai zama me, a wurin gina mahaifa da mafitar ƙwai. An gwada sanya glp-1 a gurbin lin-12, ya yi aikin. Ke nan bambancinsu ya fi yawa a inda kowanne ke kunnuwa da lokacin kunnuwarsa. Idan kuma aka kashe su duka biyu, jaririyar tsutsa ba ta wuce matakin farko.

Ranka ya daɗe, ga inda abin ya shafi makiyayi. Haemonchus contortus tsutsa ce da ke maƙale a sashe na huɗu na cikin akuya da tunkiya tana shan jini. Mace ɗaya na zuba ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a rana. Da damina za ka ga jar akuya ta rame, cikin fatar idonta ya yi fari fat, haɓarta ta kumbura. Maganin levamisole yana kama makarɓin saƙon jijiya ne a tsokar tsutsar, ya sandarar da ita. Sassa biyar ke haɗa wannan makarɓi. Ɗaya daga cikinsu, unc-29, guda ɗaya ne a C. elegans, amma a wannan tsutsa ya zama huɗu. Sauyi a irin waɗannan sassa na cikin dalilan da magani kan daina ci. An karanta gadon Haemonchus a 2013 a Ingila da Ostareliya. Mu na tsutsar da ke cikin awakinmu muke son karantawa.

Rabin aikin muna yin sa. Mukan ƙirga ƙwai a kashin dabba, a ba ta magani daidai nauyinta, a sake ƙirgawa bayan kwana 10 zuwa 14. Idan raguwar ba ta kai kashi 95 cikin 100 ba, akwai alamar turjiya. Rabin da ya rage ne ke tsaye, kuma wuta ce ta tsayar da shi.

C. elegans da muke gwaji da ita tana rayuwa tsakanin digiri 15 da 25, tana balaga cikin kusan kwana 3 a digiri 20. Akwai nau'in glp-1 da ke haihuwa a 15 amma ya zama juya a 25, kuma da wannan tazarar ake gwajin. A watan Afrilu zafi kan wuce 40. Akwatin daidaita zafi ya mutu na yini ɗaya, farantan da ake kiwon tsutsar a ciki duka sun tashi aiki. Ajiya ma haka: ana barin jariran tsutsar su ji yunwa, a zuba su a ruwa mai gilisirin kashi 15, a sauke sanyi a hankali, kimanin digiri 1 a minti, har 80 ƙasa da sifili. A haka sukan shekara da shekaru. Amma in firiza ta narke ta sake daskarewa, ƙanƙara na fasa tantani, sinadarin RNA na samfuri, mai ɗauke da saƙon gado, kuma ya wargaje. Irin wannan firiza na cin yunit 10 zuwa 20 a rana, janareta kuwa sai da dizal, dizal kuma sai da kuɗin da ba mu da shi.

Muna da buƙatar madubin ƙara girma da gurbin horo ga matasan ma'aikata, amma waɗannan sa jira. Wutar ce ba ta jira. Mun haɗa lissafin faifan sola, inbata da batura a takardar da za mu miƙa maka yanzu, muna roƙon a duba ta kafin zafin bazara ya shigo.

Mun gode, ranka ya daɗe. Allah ya ƙara girma, ya maida kai gida lafiya.