Wannan tudun ba narkewar ƙaro ba ne

Ku dubi faffaɗan tudun nan da ke kan allo, a zanen da na'ura ta fitar yayin dumama ƙaro, wajen digiri 100 na ma'aunin Salshiyas. A rahotannin ɗalibai da yawa za ku ga an rubuta wai a nan ƙaro ya narke. Sam ba haka ba ne.

Ga ƙaron dakwara, irin na Yobe da Jigawa da Kordofan ta Sudan. An niƙa, an auna miligiram 5 zuwa 10, an zuba a 'yar tasar alminiyam, sai cikin na'urar DSC, mai auna zafin da abu ke sha ko fitarwa yayin dumamawa. Zafi na hawa digiri 10 kowane minti, iskar naitirojin na ratsawa.

To, a nan za mu daɗe. Ƙwayoyin ƙaro dogayen sarƙoƙi ne masu rassa, a cakuɗe suke, ba a jere kamar na gishiri ba, shi ya sa ba shi da wani takamaiman zafin narkewa. Amma ƙaro na ɗauke da ruwa. Ko ya bushe ƙamas a hannu, yakan riƙe danshi kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Ruwan nan ne ke shan zafi yana ficewa, na'ura kuma ta zana tudu.

Ta yaya za a tabbatar? A sa wani samfurin a na'urar TGA, mai auna nauyi yayin dumamawa. Ga shi, daidai wurin tudun nauyi ya ragu. Abu in narkewa ya yi, nauyinsa na nan. Hanya ta biyu, wadda na fi so don sauƙinta: a huda murfin tasar, a kai zafi 150, a bari ya huce, a sake ɗagawa. Tudun ya ɓace, don ruwan ya riga ya tafi.

Kuskuren ya fi ɓarna wajen ƙaron da aka sarrafa da sinadari. Sarrafawa na sauya yawan ruwan da yake riƙewa, sai tudun ya gusa, a ce an "ƙara masa juriyar zafi". Haba! Ƙaro ɗaya ma, a auna shi da hunturu a sake da damina, tudun ba zai zo daidai ba.

Juriyar gaske tana can gaba, daga kusan digiri 250 zuwa sama da 300, inda sarƙoƙin ke tsinkewa, nauyi ya zube da sauri. Can za a kwatanta na asali da sarrafaffe, bayan an ajiye su a danshi ɗaya, an kuma dumama su da gudu ɗaya.