Ummu Abdullahi: wane ne Abdullahin?

[Ƙofar wani gida a cikin garin Sakkwato, takalman mata jere a bakin zaure]

Assalamu alaikum warahmatullah. Kwana biyun nan gardama ta kaure a WhatsApp, daga rukunin tsofaffin ɗalibai har na dangi, duk a kan magana guda. Wata malama ce ta faɗa a wurin wa'azi cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ba ta taɓa haihuwa ba. Sai jama'a suka yi caa. Wasu suka ce an taɓa mutuncin Uwar Muminai. Wasu suka ce, to ai Ummu Abdullahi ake ce mata, in ba ta haihu ba, ina aka samo Abdullahin?

Malamar ta faɗi gaskiya. Rashin sanin tarihin bai dame ni ba, kowa da inda karatunsa ya tsaya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda kunnenmu ya ji "ba ta haihu ba" a matsayin zagi, har muka tashi za mu kāre ta daga abin da Allah ya hukunta mata.

[Gidan suna: ana rabon goro da dabino, ana kiran wata mata "Maman Sadiq"]

Ku saurari yadda ake kiran matan nan. Maman wane, Maman wance. A gidajenmu da zarar mace ta haihu sunanta na yanka ya tafi hutu, sai alkunya. Kalmar ma daga Larabci muka aro ta, domin Larabawa haka suke yi: Abu wane, Ummu wane. To yanzu ku duba matar da ke zaune can gefe, shekararta goma sha biyar da aure, ƙannen bayanta duk an sāke musu suna, ita kaɗai ake kira gatsal da sunan da aka raɗa mata ranar suna. Ba wanda ya zage ta. Amma duk kiran da aka yi, an tuna mata.

Wannan abin ya taɓa Nana A'isha ita ma. Ta ce wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abokan zamanta duk suna da alkunya, ita ce ba ta da. Bai ce mata ta jira sai ta haihu ba. Ya ce ta yi alkunya da ɗanta Abdullahi, yana nufin Abdullahi ɗan Zubairu, ɗan yayarta Asma'u 'yar Abubakar, yaron da aka fara haifa wa Muhajirai bayan sun isa Madina. Ga Abdullahin da ake tambaya. Ɗan 'yar uwarta ne. Akwai wata ruwaya da ke yawo cewa ta yi ɓarin wani ciki aka sa masa wannan suna, amma malaman hadisi sun raunana ta, kada a riƙe ta hujja.

[Rubutu a allo: bishiyar dangi, Abubakar a sama, Asma'u da A'isha a ƙasa]

A nan nake son mu ɗan jima, don nan ne ƙafar mutane ke zamewa. Mun haɗa abu biyu mun ɗaure da igiya ɗaya: "ba ta haihu ba" da "ba ta bar baya ba". Har karin magana gare mu, wai haihuwa maganin mutuwa. To mu gwada wannan ma'auni a kan A'isha mu gani.

Manzon Allah ya rasu shekara ta 11 bayan Hijira, ita kuma ta rasu shekara ta 58. Shekara arba'in da bakwai ke nan tana zaune a Madina, ba miji, ba ɗan cikinta. Me ta yi da su? Hadisi 2,210 aka ruwaito daga bakinta. Abu Musa al-Ash'ari, babban sahabi, ya ce ba wani hadisi da ya taɓa shige musu duhu suka tambaye ta face sun sami iliminsa a wurinta. Da aka kashe ɗan'uwanta Muhammadu a Masar, ita ta ɗauki ɗansa Alƙasim ta rene shi. Urwatu, ƙanen Abdullahin nan, a gabanta ya yi karatu. Akwai kuma yarinya, Amra 'yar Abdurrahman, da ta tashi a ɗakinta ta zama malamar da manyan maza ke zuwa ɗaukar hadisi wurinta. Alƙasim da Urwatu kuwa suna cikin fitattun malaman fiƙihu bakwai na Madina.

[Zauren karatu bayan La'asar, malami a kan buzu, almajirai riƙe da Muwaɗɗa]

Yanzu ku kasa kunne ga abin da almajirin nan ke karantawa. Maliku, daga Hishamu ɗan Urwatu, daga babansa, daga A'isha. Kun ji? Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke bi a ƙasar nan tun kafin Shehu Usmanu, ya karɓa daga Hishamu, Hishamu daga Urwatu, Urwatu daga innarsa da ba ta haihu ba. Wannan salsala tana maimaituwa a Muwaɗɗa ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Yadda muka san sallar daren Annabi, da wankansa, da zamansa da iyalinsa a cikin ɗaki inda ba namijin da ke gani, kaso mai yawa ta wannan ƙofa ya fito. Kullum rana ta faɗi a Sakkwato, an ambaci sunanta a zaure ya fi a ƙirga, an ce Allah ya ƙara mata yarda. Ku nuna mini mai 'ya'ya goma da ake yi wa addu'a haka bayan shekara dubu da ɗari uku da ɗoriya.

Hadisin da muke yawan jawowa ma, rabinsa muke ji. Idan ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, ko ilimin da ake amfana da shi, ko ɗa nagari da ke yi masa addu'a. Uku aka ce, kuma da "ko" aka raba su. Mu sai muka toshe ƙofa biyu muka bar ɗaya, sannan muka tsaya muna tausaya wa wadda ba ta bi ta nan ba, wani lokacin ma tausayin da gori a cikinsa.

[Hotuna da sauri: tsohon mus'hafi, majema na jeme fatar jar akuya, taswirar Basra da Makka]

Sauran zan bi su da gudu. 'Ya'yan Manzon Allah duk Nana Khadija ce ta haife su, in ban da Ibrahim ɗan Mariya. Sauran matansa ba wadda ta haihu da shi, kuma Alƙur'ani a Suratul Ahzab ya kira su duka uwayen muminai. Hafsa 'yar Umar, a hannunta aka ajiye takardun Alƙur'anin da aka tattara zamanin Abubakar, wurinta Usmanu ya aika aka karɓo aka kwafa. Zainabu 'yar Jahshi jima take yi da ɗinkin fata, irin sana'ar da kuke gani a hoton nan, ta sayar ta yi sadaka da kuɗin. Da Annabi ya ce wadda ta fi tsawon hannu ita za ta fara riskarsa, matan suka dinga gwada hannuwansu, sai da Zainabu ta riga su rasuwa suka gane tsawon hannun kyauta ake nufi.

Rabi'atul Adawiyya ta Basra ba ta yi aure ba, amma da Nana Asma'u 'yar Shehu ta zauna a garin nan tana lissafa mata masu albarka a waƙe, ta sa sunanta. Karima al-Marwaziyya ta rasu a Makka shekara ta 463 bayan Hijira ba ta taɓa aure ba, ruwayarta ta Sahihul Bukhari na cikin waɗanda malamai suka fi amincewa da su. Sarauniya Amina ta Zazzau, labarin da aka gāda ya ce ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba, ga ganuwa nan ana kira da sunanta. Ma'aikatan jinyarmu kuma duk 12 ga Mayu suna bikin ranarsu, ranar haihuwar Florence Nightingale ce ta Ingila, ita ma ba aure, ba ɗa.

[Hubbaren Shehu, mata na shiga ziyara]

Kada wani ya juya maganata. Ita Nana Asma'u ta haihu, zuriyarta da Waziri Giɗaɗo na nan a Giɗaɗawa. Son haihuwa halal ne, Annabi Zakariyya da furfurarsa ya roƙa. Wadda ke kuka cikin dare tana roƙon Allah ɗa, ba wanda ya isa ya ce mata ta daina, kuma labarin A'isha ba zai share mata wannan hawayen ba. Ina dai tunatar da mu aya ta 49 da ta 50 a Suratush Shura: yana ba wanda ya so mata, yana ba wanda ya so maza, ko ya haɗa masa, kuma yana sanya wanda ya so bakarare. Rabo huɗu, Mai rabawa ɗaya. Wanda ya ce wa mace juya don ya ƙona mata rai, ya duba da wa yake jayayya.

Sannan maza, 'yan uwana, wannan taku ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum ɗaya cikin shida na gamuwa da matsalar haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma likitoci sun daɗe suna cewa a kusan rabin ma'auratan akwai hannun ɓangaren miji. Gwajin namiji ya fi sauƙi, ya fi araha. Amma matar ce ke shan jiƙo, ita ke layin asibiti, ita ake yi wa kishiya. Ku je tare.

[Tsakar gida: murhu, tsohuwar tabarma, allo jingine da bango]

Gidan nan da kuke gani, nan na tashi. Gwaggona ce, yayar mahaifina. Aure biyu ta yi, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ina shekara huɗu aka kawo mata ni riƙo, na tarar da uku a gabanta, bayana aka kawo wasu. Da asuba ita ke tashinmu, ta zaunar da mu bakin murhu lokacin hunturu, tana dama kunu da hannu ɗaya, tana gyara mana karatu ba tare da ta kalli allon ba. In ta zo yi mini kitso takan matse kaina tsakanin gwiwoyinta ta ce, "Zamna, ɗiyata, kan mace ba a yi mai gaggawa." Na taɓa jin wata ta yi mata habaici a gidan biki, ta ce wanda bai san zafin naƙuda ba bai san ɗa ba. Gwaggo ba ta tanka ba. Da muka dawo gida ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito idonta ja, ta ce in ɗauko allona.

Ranar da ta rasu, ina jin wani a ƙofar gida ana tambayarsa, "Mi ta bari?" Ya ce, "Allah sarki, ba ta bar kowa ba." A lokacin mu tara muna cikin ɗakinta, waɗanda ta rena, har da wanda ya kwana a mota daga Legas. Matan unguwa da ta koya wa Fatiha da farillan alwala kuwa, tabarmi sun kāsa, sai da aka aro na maƙwabta.

[Yarinya ta ɗauki allon, ta zauna a kan tabarmar]

Allon nan nata ne, da shi ta koya mana duka. Wannan da ta ɗauka ɗiyata ce, sunan Gwaggo gare ta, shi ya sa ba na iya faɗin sunan, Ummi nake ce mata. Jiya malaminsu ya wanke mata, ya rubuta mata Sabbi.