Ina ungulayen mayanka suka tafi?

Malam Idi: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Aboabo a birnin Kumasi. Yau hirar tamu a cikin gida take, domin ƙaramar cikinmu, Zulaiha, wadda ke shekara ta uku a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, ta sanar da mu cewa ta yanke shawarar mayar da binciken namun daji sana'arta, kuma Hajiya Mariya ta ce ba za ta amince ba sai an yi mata bayani.

Hajiya Mariya: Ni dai tambayar da mahaifiyarta ta yi mata nake maimaitawa. Yarinyar da aka haifa a tsakiyar zango, wadda ba ta san wani daji ba sai wanda take hangowa ta tagar mota a hanyar Tamale, me ya haɗa ta da giwa da ɓauna, alhali ga aikin jinya da koyarwa waɗanda kowa ya san inda albashinsu yake fitowa?

Zulaiha: Goggo, abin bai fara daga giwa ba, daga ungulu ya fara. Kakana mahauci ne, kuma ya sha ba mu labarin yadda ungulaye suke cika rufin mayanka da bishiyoyin da ke kewaye da ita tun kafin a gama fiɗar saniyar farko. Da na shiga sashen nazarin namun daji na jami'a, sai na ji malaminmu yana cewa wannan ungulun da muka raina, mai siririn baki da jar fuska, tun shekarar 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, wato IUCN, ta sanya ta cikin halittun da suke dab da ƙarewa a duniya. Na koma na tambayi kakana yaushe rabonsa da ganinsu da yawa, ya yi shiru ya kasa tunawa.

Malam Idi: Wallahi ni ma sai yanzu da kika faɗa na lura. Muna yara ba a ɗaga kai sama a Kumasi ba tare da an ga suna shawagi ba, har manya suna cewa ungulu ba ta jewar banza. To, me ya cinye su?

Zulaiha: Dalilan sun taru ne, Kawu. Akwai gubar da ake zubawa a mushe don kashe karnuka ko namun da ke ɓarna, wadda kan hallaka ungulaye da yawa a zama ɗaya. Akwai masu kama su suna sayar da kawuna da ƙafafu ga masu haɗa magani, kuma wannan ciniki ya ratsa ƙasashen Afirka ta Yamma. Sannan an sare dogayen bishiyoyin da suke sheƙa a kai, mayankun zamani kuma ba sa barin tarkace a fili kamar dā. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne ƙwai ɗaya tak ungulu take sakawa a lokacin haihuwa, saboda haka idan aka kashe manya goma, cike gurbinsu yana ɗaukar shekaru.

Hajiya Mariya: Ki yi mini uzuri, amma idan tsuntsun da ke cin mushe ya ƙare, wa ya yi asara?

Zulaiha: Mutanen Indiya sun ga amsar da idonsu. A shekarun 1990 wani maganin ciwo da ake yi wa shanu allurarsa, mai suna diklofenak, ya riƙa lalata ƙodar ungulayen da suka ci mushen, har fiye da kashi 90 cikin ɗari suka mutu. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan titi suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru, kuma sai a 2006 aka haramta bai wa dabbobi maganin. Masu bincike ne suka gano musabbabin, ta hanyar tattara gawarwakin tsuntsayen suna gwadawa.

Malam Idi: Ke nan aikin ba yawon buɗe ido ba ne kamar yadda ake nunawa a talabijin.

Zulaiha: Ko kaɗan. Mafi yawansa ƙirga ne da haƙuri. A dajin Kakum, inda duhuwar bishiyoyi ke ɓoye giwa, kashinta ake ƙirgawa a kan layin da aka auna, sannan a yi lissafin yawan giwayen. A gandun Mole, mafi girma a Ghana, masu bincike sun ɗaure kyamarori a jikin bishiyoyi na tsawon lokaci, suka sami hoton damisa da kura, amma ba su sami na zaki ko ɗaya ba, kuma wannan rashin ma sakamako ne da dole a rubuta. Bayan an dawo daga daji, sai a kwashe watanni a gaban kwamfuta ana tace alƙaluma, wanda shi ne ɓangaren da ya fi ba ni wahala.

Hajiya Mariya: Har yanzu ba ki taɓo batun abinci ba.

Zulaiha: Ba zan ɓoye muku ba, Goggo, guraben ba su da yawa. Akwai sashen kula da namun daji na Hukumar Gandun Daji, akwai ƙungiyoyi masu zaman kansu, akwai koyarwa a jami'a, kuma duk mai son bincike na gaske sai ya ƙara digiri na biyu, ya koyi rubuta takardar neman tallafi. Amma ina da abin da abokan karatuna da yawa ba su da shi, wato harshe da dangantaka. Mahaucin da zai rufe baki idan baƙo ya zo masa da takarda da biro, ni zai zaunar da ni a kan benci ya gaya mini watan da ungulaye suka fi zuwa, har ya faɗa mini su wa ke zuwa neman kawunansu.

Malam Idi: Wannan gaskiya ne, ko da yake ina jiye miki ranar da bincikenki zai nuna yatsa ga mutanen da kike gaisarwa kullum.

Zulaiha: Na yi tunanin hakan, shi ya sa nake duba misalin Wechiau, inda al'ummar bakin kogin Baƙin Volta da sarakunansu suka keɓe wa dorinar ruwa wuri da kansu. Ina so in fara da sarkin fawa da limamai kafin in je ko'ina.

Hajiya Mariya: To, yaushe za ki fara ƙirgar?

Zulaiha: Ranar Asabar bayan sallar asuba, a mayankar Kaase. Kakana ya ce zai raka ni, amma da sharaɗin ni zan biya kuɗin mota.