Kusoshi Sun Shiga, Amma Kan Injin Ya Dace Kuwa?

Jama'a, barkanku da warhaka. Tambaya ɗaya ce ke ta yawo kwanan nan tsakanin masu gyaran ƙananan injinan V8 na Chevrolet: in na ciro tof silinda, wato kan inji, daga injin 305, zai hau kan 350? Waɗannan lambobi girman cikin injin suke nunawa.

Zai hau, babu musu. Tun daga injin 265 da ya fito a 1955, har zuwa 283, 327, 350 da 400, ramukan kusoshin kai ba su sauya wuri ba. Kusa 17 a kowane kai. Ga na 305 nan, ga bulon 350, wato gangar jikin injin. Kun gani, ya zauna daram.

Daga nan sai mutum ya ɗauko sifana ya fara ɗauri. Ku dakata tukuna.

Mu kifa kan. Wannan kwarmin da bawul biyu ke zaune a ciki, nan fistin ke matse iska da fetur kafin filogi ya ba da wuta. Da cc ake auna faɗinsa. Ga kawuna uku a jere: na hagu daga 305 ya fito, wajen cc 58. Na tsakiya Vortec ne, wani samfurin kan 350 na 1996, cc 64. Na dama na 350 ne na shekarun 1970, cc 76. A ido kusan duk ɗaya suke, amma a wurin inji ba haka ba ne.

Ku bi ni a hankali, don nan ne gizo ke saƙa. Kowace silinda a injin 350 tana shan wajen cc 717. Idan fistin ya kai ƙololuwa, duk wannan iskar sai ta cushe a ɗan sararin da ya rage: kwarmin kai, da kaurin gaskit, da 'yar tazarar da ke saman fistin, da ramukan fuskarsa. Mu ƙaddara waɗannan ukun na ƙarshe sun tashi cc 20, da fistin mai shafaffen kai. Da kai mai 76, sararin ya zama 96. A haɗa 717 da 96, a raba da 96, matsi ya kama ninki 8.5. A sa mai 64, ya koma 9.5. A sa na 305 mai 58, ya haura 10.

Ba a taɓa fistin ba, ba a taɓa komai a ƙasa ba, kai kawai aka sauya.

Matsi mai yawa ƙarfi ne, shi ya sa wannan sauyi ke jan hankalin mutane. Sai dai kan baƙin ƙarfe yana riƙe zafi, kuma da matsi 10 fetur mai ƙarancin okten, wato wanda ba ya jure matsi, zai riƙa kamawa da kansa ba bisa ƙa'ida ba. Sai ku ji wata ƙara, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ga abin da take yi wa fistin: gefensa ya gutsure, zoben ya karye. Sannan bawul ɗin shan iska na 305 ƙarami ne, galibi inci 1.84, alhali na 350 yakan kai 1.94. Motar za ta tashi da kuzari, amma da an taka ta sosai numfashinta zai gaza.

A juya lamarin kuma. Kai mai 76 a kan injin 305 yana mayar da matsi ƙasa da 8, motar ta zama raguwa ga shan mai. Kuma faɗin silindar 305 inci 3.736 ne, na 350 inci 4 cif. Babban bawul mai inci 2.02 yana iya dukan bangon silinda idan ya buɗe. Ga tabon nan.

Don haka ku auna. Lambar da ke tsakanin sifirin ɗin bawul za ta faɗa muku asalin kan, amma ba za ta faɗa ko wani ya taɓa kankare fuskarsa ba. A ɗaura filogi, a shafa giris a bakin kwarmin, a manna roba mai kamar gilashi mai ƙaramin rami, a riƙa ɗura ruwa da sirinji har iska ta fita tas. Abin da ya sha, shi ne faɗinsa. Ni a ganina, wanda bai yi wannan ba bai shirya sauya kai ba.

Sauran a gurguje. Daga 1987 kusoshi huɗu na tsakiyar manifol, wato hanyar da iska ke bi ta shiga kan, sun sauya karkata, murfin bawul kuma ya koma mai kusa a tsakiya. Vortec kusan manifol 8 yake ɗauka a tsaye, sai an nemo masa nasa manifol, kuma in kamshaf ɗinku mai ɗaga bawul sosai ne sai an yi wa kan gyara. Duk da haka shi na fi so a kan 350, don yana shaƙar iska da kyau. Tsofaffin kawuna na kafin 1969 da yawa ba su da ramukan ɗaure altaneto a goshi. Kan injin LT1 na 1992 ruwan sanyaya shi daga sama yake farawa, ba ya zama haka kawai. Na injin LS kuwa dangi ne daban, a bar shi.

Masu 400, ku matso. Silindojinsa manne suke, ruwa ba ya ratsa tsakaninsu, shi ya sa aka yi wa bulon waɗannan ƙananan ramukan fitar tururi. Kan 350 ba shi da su, sai an yi masa kafin a ɗora shi a kan 400. A ɗora gaskit ɗin 400 a kan fuskarsa, a yi alama, a huda, in ba haka ba injin zai riƙa zafi a cunkoso.

Kafin ɗaurin ƙarshe, ku manna ɗan yumɓu a saman fistin, ku ɗaura kan, ku juya injin da hannu zagaye biyu. Ku kwance, ku yanka yumɓun inda bawul ya danna, ku auna kaurinsa. Ana son aƙalla milimita 2 a wajen shan iska, 2.5 a wajen fitar hayaƙi.