Amsoshin Tambayoyinku: murar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa

Wata mai sauraronmu daga Damagaram ta rubuto cewa maigidanta ya daɗe yana fama da toshewar hanci da majina mai jini-jini, ga ɓawo yana bushewa a ciki yana wari. Ya sha magungunan mura har ya gaji, yanzu kunne ɗaya ya fara dushewa. Tana tambaya, sanyi ne?

To Malama, galibin irin wannan ƙura ce da hunturu. Amma jini da ɓawo da kunne a tare, sun isa a binciki cutar da likitoci ke kira GPA, wadda kafin 2011 ake ce mata cutar Wegener. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa ƙananan jijiyoyin jini. Yawancin masu ita a hanci da kogunan ƙashin fuska take fara bayyana. Idan jini ya daina kaiwa guringuntsin da ya raba ƙofofin hanci, sai ya huje, karan hanci ya lotsa.

Haɗarin dai yana ƙoda, domin tana lalacewa ba tare da ciwo ba. Saboda haka a fara da gwajin fitsari, a duba jini da furotin. Shi ne mafi araha, shi kuma aka fi mantawa. Sai gwajin aikin ƙoda, hoton ƙirji, da gwajin jini na ANCA, mai neman alamar cewa garkuwa ta juyo wa jiki. Likitan hanci kan yanko ɗan nama a duba, domin tarin fuka da kuturta su ma suna cin hanci haka, kuma maganin da ke danne garkuwa yana iya rura tarin fuka.

Magani kuwa, masu danne garkuwa ne: prednisolone haɗe da rituximab ko cyclophosphamide. Wanda cutarsa ke da sauƙi akan ba shi methotrexate, wanda ba a haɗa shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta na Septrin. Kada a saya a kemis a sha da ka.

A gida: tafasasshen ruwa rabin lita, a bar shi ya huce, a sa ƙaramin cokali ɗaya na gishiri da ɗaya na bekin soda, a wanke hanci safe da yamma. Kada a ɓamɓare ɓawon da farce. Maganin fesawa na buɗe hanci kada ya wuce mako guda.

Wani daga Kano yana tambaya ko ana gyara hancin da ya lotsa. Ana yi, Malam, amma sai cutar ta lafa ta daɗe a kwance; idan tana ci aka yi aikin, guringuntsin da aka dasa shi ma narkewa zai yi.