Ka Ba Ta Mukulli, Amma Inshora Ta San da Ita?

[Hoto: hannu yana miƙa mukulli a bakin ƙofa]

Wannan miƙawar ba ta ɗauki daƙiƙa biyu ba. "Ungo, ɗauki tawa, ta fi mai." Ta karɓa ta fita. Ko kuma ke ce mai motar, maigida ya ce tasa tana wurin bakanike, kika zaro mukulli daga jaka kika ba shi ko kai ba ki ɗaga ba. Babu laifi a ciki ko kaɗan. Mutanen da suka haɗa gida suka haɗa 'ya'ya, ai ba mota ce za a yi wa iyaka a tsakaninsu ba.

To amma kwanan nan wata magana tana ta yawo, kowa na maimaita ta kamar a bakinsa aka yanke: wai mota ake yi wa inshora ba direba ba, saboda haka duk wanda ka ba mukulli ya shiga ƙarƙashinta, balle matarka ko mijinki. Rabin maganar gaskiya ne. Ɗaya rabin kuwa shi ke kai mutane ya baro su, kuma a kansa za mu daɗe yau.

Mu fara share ƙananan abubuwa da sauri. Lasisi: yana da shi, bai ƙare ba, kuma na irin motar ne? A Birtaniya, alal misali, wanda ya ci jarrabawar tuƙi da mota mai canza giya da kanta, lasisinsa bai ba shi damar tuƙa mai kuloci ba. Takardun mota suna ciki? To, mu wuce.

[Hoto: motoci biyu sun gogi juna a mahaɗar hanya]

Inshorar mota kashi biyu ce manya. Akwai wadda doka ta wajabta a yawancin ƙasashe, wadda ke biyan mutumin da ka yi wa ɓarna: motarsa, katangarsa, jinyarsa. Birtaniya ta wajabta irinta tun 1930. Wannan ba ta gyara maka taka motar, ko fitila ɗaya. Sai kuma cikakkiya, wadda ke ɗaukar ɓarnar wancan da taka gaba ɗaya. Wannan kusan kowa ya sani.

Yanzu a ɗauko takardar.

[Hoto: takardar inshora, yatsa yana bin layuka]

Ku tsallake sunan kamfani, ku tsallake lambar mota. Ku sauko nan, wannan layin da aka rubuta waɗanda aka yarda su tuƙa motar. Ina roƙonku ku tsayar da bidiyon ku duba taku, domin yawancinmu mun biya kuɗi mun ninke takardar mun jefa a aljihun mota ba mu taɓa karanta wannan layin ba.

Abu ɗaya cikin uku za ku gani. Ko dai mai takardar shi kaɗai. Ko mai takardar da waɗanda aka ambata da sunansu. Ko kuma duk mai lasisin da ya tuƙa da izinin mai motar, kuma shi ma wannan na ukun sau da yawa da sharaɗi a gindinsa, kamar a ce sai wanda ya kai wasu shekaru.

Idan taka irin ta farko ce, ko ta biyu kuma babu sunanta, to izininka bai ƙara mata komai ba. Kai ka yarda, kamfani bai yarda ba. Takardar aure ba ta shiga wannan lissafin. Shekara ashirin da kuka yi tare ba ta shiga. Suna kawai ake nema a layin nan.

Wani zai ce, "Ni tawa irin ta uku ce, na huta." Dakata, domin a nan ne abin yake juyewa, kuma nan ne na ga mutane sun fi ruɗewa.

[Hoto: ƙusa a bango, mukulli yana rataye]

Dubi wannan mukullin. Abokinka da ya zo daga nesa ya ari motar ya je ya dawo, sau ɗaya ke nan a shekara, wataƙila ba zai sake ba. Matarka kuwa kullum tana wuce wannan ƙusar, safe da yamma. Kamfanin inshora kasada yake saya, kuma yana yanka kuɗinsa ne gwargwadon wanda zai riƙa zama a bayan sitiyari: shekarunsa, daɗewarsa yana tuƙi, haɗurran da ya taɓa yi. Baƙo mai aron sau ɗaya, kamfani zai iya haɗiye wannan. Wanda ke kwana gida ɗaya da motar kuwa, yana son ya san shi tun kafin ya yanka maka kuɗi.

Shi ya sa a Amurka, inda maganar "inshora mota take bi" ta fi kusa da gaskiya, kamfanoni kan tambaye ka tun ranar cike fom: su wa ke da lasisi a gidanka? Wasu takardun suna ɗaukar miji ko matar da ke zaune gida ɗaya a matsayin wanda ke cikin yarjejeniya kai tsaye, wasu sai an rubuta suna, amma tambayar dai za a yi maka ita. Idan ka tsallake ta, ko ka yi shiru don kada kuɗi ya ƙaru, ranar da haɗari ya faru za su iya cewa ka ɓoye musu gaskiya. Daga nan sai a rage abin da za a biya, ko a ƙi biya, ko a soke takardar. Har ma akwai tsarin da ake rubuta sunan wani ɗan gida musamman don a cire shi, a ce wannan idan ya tuƙa babu ruwanmu. Wasu sun sa hannu a irin wannan shekarun baya don a rage musu kuɗi, sun manta.

Kun ga yadda abin yake? Kusancin da muke zaton shi ne kariya, shi ne ainihin dalilin da ya sa ake son suna a rubuce. Maƙwabci zai iya shiga ƙarƙashin izininka, wadda kuke raba filo da ita ta tsaya a waje.

[Hoto: mace tana ɗaga tata takardar]

"Ai ni ma ina da tawa inshorar a kan motata, tana bi na duk motar da na shiga." Wannan ma ana yawan faɗa. A Birtaniya wasu cikakkun takardu suna da sakin layi mai ba ka damar tuƙa motar wani. Amma a karanta shi a hankali. Galibi ɓarnar da ka yi wa wani kawai yake biya, motar da kake ciki babu ruwansa da ita. Kuma da yawa daga cikin kamfanonin sun cire motar miji ko mata daga wannan damar ƙarara, saboda dalilin nan dai na ƙusa da mukulli: an yi ta ne don larura, ba don motar da ke ƙofar gidanka kullum ba.

Hukuncin kuma ba a kan direba kaɗai yake tsayawa ba. Sashe na 143 na dokar hanya ta Birtaniya ta 1988 ya haɗa har da wanda ya bari wani ya tuƙa motarsa babu inshora. Wanda aka kama yana tuƙi haka, tarar nan take fam 300 ce da maki 6 a lasisi (makin laifi ne, idan suka taru sai a hana mutum tuƙi), 'yan sanda kuma suna iya tafiya da motar. Miƙa mukulli ɗaya, mutum biyu a gida ɗaya sun shiga matsala. Dokar kowace ƙasa daban take, amma tambayar ɗaya ce a ko'ina: me takardarka ta ce?

Saura ƙulli ɗaya a nan. An sa sunanta, madalla. To wa ya fi tuƙa motar? Idan ita ce ke fita da ita aiki kullum, kai sai ƙarshen mako, amma a takarda kai ne babban direba don naka kuɗin ya fi sauƙi, wannan ma ƙarya ce a wurin kamfani, kuma suna ɗaukarta da zafi. Haka nan idan an yi wa motar inshorar zirga-zirgar gida, sai maigida ya fara kai kayan sana'arsa da ita. Aikin motar ya canza, takarda ba ta sani ba.

Maganin duk wannan kira ɗaya ne. Ka kira kamfanin, ka ce: matata za ta riƙa tuƙa motar nan, tana ciki ko ba ta ciki? Idan ita ce ta yi haɗari, motar tawa za a gyara ko ta wancan kawai? Nawa zan fara biya daga aljihuna kafin ku ɗauki saura? Sannan ka ce su turo maka amsar a rubuce, da sunanta a sabuwar takarda. Muryar waya ba ta zama shaida. Kuma kada tsoron ƙarin kuɗi ya hana ka kira: idan ta daɗe tana tuƙi ba ta da tabo, sau da yawa ƙarin kaɗan ne, wani lokaci ma raguwa ake samu.

Ra'ayina a nan, ku yi wannan maganar tun mota tana lafiya. Idan an goge bamba, galibi a takardar mai motar za a rubuta, rangwamen da ya tara na shekarun da bai yi haɗari ba shi zai taɓu. Ku san wannan tun yau, a cikin raha, kada ku fara jin sa a bakin titi rai a ɓace.

[Hoto: kyamarar hanya ta yi walƙiya]

Kyamara lamba take gani, ba ta san waye a ciki ba, don haka takardar tara gidan mai motar take zuwa. A nan wasu ma'aurata kan ce, "Lasisinka ya kusa cika da maki, bari na ce ni ce." Don Allah kada ku yi. Chris Huhne tsohon ministan makamashi ne a Birtaniya. A 2003 kyamara ta kama motarsa da gudu, matarsa ta lokacin, Vicky Pryce, ta karɓi makin a madadinsa. Bayan aurensu ya mutu maganar ta fito. Ya sauka daga muƙaminsa a 2012, a 2013 kuma kotu ta yanke wa kowannensu wata takwas a gidan yari. Shekara goma tsakani, a kan tarar gudu. Wanda ya tuƙa shi ne ya tuƙa, a rubuta sunansa.

To, mu shiga motar, hotuna za su yi sauran bayani.

[Hoto: ana jan kujera gaba, ana gyara madubi]

Kujera tukuna, sannan madubai uku. A bar tazarar kamar santimita 25 tsakanin ƙirji da sitiyari, saboda jakar iskar nan ta cikin sitiyari, mai kare direba lokacin haɗari, da ƙarfi take fitowa. Matashin kai ya daidaita da tsayin kai. Kuma wanda ya ari mota ya mayar da kujera yadda ya same ta, wannan kaɗai ya kashe gardama da yawa a gidaje.

Mai. Fetur take sha ko dizal? A faɗa da baki, kada a ce ai ta sani. Bakin bututun fetur ya fi na dizal siriri, yana shiga tankin motar dizal salin alin. Idan an yi kuskuren, kada a tayar da inji, a kira bakanike ya zuƙe.

Halin motar ma a faɗa. Birkin hannu maɓalli ne ko sanda? Giyar baya sai an ɗaga zobe? Akwai fitilar da ke kunnuwa a allo wadda ka san dalilinta? Kai ka saba da motarka har ka daina ganin waɗannan, ita kuwa yau ta fara haɗuwa da su.

Idan kuma kana zaune a gefe, ka bar ta ta yi tuƙinta. Ƙafarka tana taka birkin da babu shi, kana "a hankali, a hankali" a kowace kwana, ba abin da kake ƙara mata sai fargaba, kuma direba mai fargaba shi ya fi kuskure. Ka yarda ka ba da mukulli, to ka ba da natsuwa tare da shi. Ke ma haka, ranar da shi ne a sitiyarin taki.

[Hoto: mota tana tafiya, mutum a tsaye yana laluben aljihu]

Na ƙarshe, kuma wannan ya faru a gidana. Motocin da ake tayarwa da maɓalli, da yawansu ba sa mutuwa don mukulli ya yi nisa. Ni na tuƙo mu, na sauka a wurin aiki inji yana kunne, matata ta zagayo ta ja motar. Motar ta yi ɗan ƙara, wani rubutu ya fito a allo, hayaniyar hanya ta danne shi. Sai da ta isa inda za ta, ta kashe, ta gama abin da ya kai ta, ta dawo ta danna maɓalli, shiru. Mukullin yana aljihuna, tafiyar kusan awa guda tsakaninmu, ga yaro a kujerar baya. Tun daga ranar, duk lokacin da za mu yi canjin kujera, sai ta miƙo tafin hannu na ajiye mata shi a ciki kafin na rufe ƙofa.