Jawabin maraba ga Sarkin Hausawan Garwa a wajen baje kolin zane a Marwa, ƙasar Kamaru

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, lale marhabin, sannu da hanya. Tasowa daga Garwa zuwa Marwa cikin zafin bazaran nan ba wasa ba ne, amma ka zo da ƙafarka ba ka aiko wakili ba, wallahi ka gama mana komai.

Yaron nan da ka zo ganin aikinsa a gabanmu ya tashi. Babansa baduku ne, shi kuwa da gawayi ya fara, yana ɓata mana bango muna korarsa. Har yau kullum in an idar da asuba zai ɗau takarda ya sauka cikin yashin kogin Mayo Kaliyawo ya yi ta zana mata masu tonon ruwa, da hantsi kuma ya koma rubuta allon shaguna da fentin bayan motoci, da shi yake ci da iyayensa, ɗan canjin da ya rage ya tara na mota.

Da wannan canjin ya je Rumsiki ya zano duwatsun Kapsiki, ya je Pus ya yi kwanaki wajen ƙabilar Musgum yana kallon ɗakunansu na laka masu tsini, waɗanda zanen jikinsu shi ne matakalar da ake hawa a yi yaɓe. Ya bi Kuseri ya haye gadar Ngeli ya shiga Njamena, daga can sai ƙauyen Gawi inda mata ke ginin tukwane suna yi wa bangon gida ado da jar ƙasa, ya ce su ne suka koya masa haɗa launi ba tare da fentin kanti ba. Amma ni zanen da ya fi taɓa ni shi ne na ambaliyar Yagwa ta 2024, wata tsohuwa cikin kwalekwale rungume da buhun gero, duk sanda na tsaya gabansa sai na yi shiru.

Ranka ya daɗe, da yawanmu mun sha ce masa zane zaman banza ne, yau da aka ji za ka zo ga su nan sun cika layin gaba. Kokenmu ɗaya, yara sun fara binsa kuma a gindin dogon yaro yake koya musu, in damina ta faɗi sai a watse. Ka sa mana baki wajen manya a samu ko ɗaki guda ne.

Bismillah ranka ya daɗe, a shiga daga ciki, na Yagwan yana hannun dama.